Kawu Koci da Wasan da Muka Rasa a Minna

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, layinmu ya cika har masu Keke Napep suka daina shigowa. Dattawan unguwa suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida. Sauran kuwa maza ne majiya ƙarfi, wasu furfura ta fara leƙo musu, wasu sun aje tumbi, duk suna tsaye cirko-cirko suna kallon ƙasa. Akwai wanda ya baro ofis a Abuja da kayan aiki a jikinsa. Akwai makaniki da baƙin mai a hannu. Akwai wani Ibo mai shagon kayan lantarki a babbar kasuwa, ya kulle shagonsa ya zo ya tsaya daga gefe lokacin da ake sallar gawa, hawaye na bin kumatunsa, yana ta maimaitawa da Turancin kasuwa, "Koci don go, Koci don go," wato Koci ya tafi.

Wani tsoho da bai daɗe da tarewa a unguwar ba ya jawo hannuna ya ce, "Ɗan nan, wai marigayin siyasa yake yi?"

Na ce, "A'a, Baba. 'Yan ƙwallonsa ne."

Ya dube su ya ce, "Ikon Allah. Ashe ƙwallo ma tana kawo mutane jana'iza."

A cikin gida, Inna, matar Kawu, tana zaune mata sun kewaye ta. Da aka dawo daga maƙabarta, tsofaffin 'yan wasan suka riƙa shiga suna durƙusawa daga bakin ƙofa. Ba ta tuna sunayensu duka ba, amma ta tuna irin cin kowa. Ta dubi wani ƙato mai gemu ta ce, "Kai ne mai kankare min ƙanzo." Ya fashe da kuka, ita kuma dariya ta ƙwace mata a tsakiyar hawaye. A nan ne mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Kai da kake iya riƙe alƙalami, ka rubuta wani abu a kan yayana. Ba na so nan gaba yara su tashi a ce musu Koci, su ce wane ne."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Malamin motsa jiki ne a wata firamare a nan Suleja har ya yi ritaya, amma ba da wannan aka san shi ba. Shi ya tattara samarin unguwarmu ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ya rene ta tun muna bugawa a filin makaranta da duwatsu a matsayin raga, har ta kai ana saka ta a gasar jiha. A gida Kawu nake ce masa. A fili kuwa, in na kuskura na ce Kawu, sai ya waiwaya ya ce, "Kawunka yana gida. Zagaya filin nan."

Har yanzu in na ji ƙarar tsohon babur da yamma, sai in ga kamar shi ne zai ɓullo, buhun ƙwallaye ɗaure a baya, usur rataye a wuya da igiyar takalmi. Kunnensa na hagu ba ya ji, shi ya sa kullum kansa a karkace yake in ana masa magana. Mu kuma mun gano haka, duk mai ƙorafi sai ya koma hagunsa ya yi gunaguninsa. Wata rana wani ɗan baya ya tsaya a hagun yana cewa tsohon nan zai kashe mu da gudu. Kawu bai ko juyo ba ya ce, "Kunnen ne ba ya ji, idon yana ganin bakinka."

Ba ya yabo. In ka ci ƙwallo mai kyau har 'yan kallo suka miƙe, iyakar abin da za ka samu shi ne, "Ba laifi." Mun fi jin daɗin wannan ba laifi ɗin fiye da tafin fili guda. Lemon zaƙi yake saye da kuɗinsa, ya zauna a benci yana yankawa da 'yar wuƙarsa kafin hutun rabin lokaci, kuma sai ya fara miƙa wa waɗanda ba su buga ba. Ranar Juma'a sai bayan la'asar ake tirenin, wato atisaye, ranar Lahadi ma haka, don a cikinmu akwai 'ya'yan malaman makaranta da ma'aikata daga Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, kuma ya ce ba zai hana kowa zuwa wurin ibadarsa saboda ƙwallo ba.

Yana da zuciya, wannan ba zan ɓoye ba. Shi da alƙalan wasa ba sa ga maciji. A Gawu aka taɓa korarsa daga fili, ya fita yana faɗa, can sai muka jiyo muryarsa daga sama. Ashe saman motar da ta kawo mu ya hau a bayan katanga, yana ba da umarni daga can, babbar riga na kaɗawa. Alƙalin wasan da kansa sai da ya yi dariya.

A shekarar da na shiga babbar ƙungiya a matsayin gola na biyu, Yaya ne kyaftin. Yaya shi ne babban ɗan Kawu, kuma gaskiya ban ga ɗan gaba kamarsa a garin nan ba. In ya ɗauko ƙwallo, 'yan mata masu sayar da gyaɗa ma tsayawa suke yi. Akwai wata al'ada da muka tarar, wadda ba a yin ta sai Koci ya hau babur ya tafi. Sabon shiga shi ke wanke jesin manya, shi ke goge musu takalma, shi ke ɗauko ruwa, kuma ba a kiransa da sunansa, sai dai a ce jaki. Ni ma na yi wanki, amma da yake an san ni ɗan gida ne, abin bai wuce nan ba.

Wanda ya sha wahalar shi ne ɗan Garam. Tare muka shiga da shi. Bagwari ne, Kirista, ɗan manoma, dogo siriri mara yawan magana. Kawu ya gan shi a wani wasan ƙauye yana buga tsakiya ba takalmi, ya ce ya riƙa zuwa. Daga Garam yake hawa acaɓa, wani lokacin ya ƙarasa da ƙafa. Laifinsa guda ne: ya iya. Tun makon farko Kawu ya ce masa ba laifi a gaban kowa, kuma na ga yadda fuskar Yaya ta canza.

Da kwaikwayon Hausarsa aka fara. In ya ce a ba shi ƙwallo, sai a maimaita da irin lafazinsa a kwashe da dariya. Daga nan aka daina ba shi ƙwallon ma, sai ya yini yana gudu a fili kamar ba a ganinsa. Aka jefa takalminsa a kwata. Aka riƙa shigarsa da ƙafa biyu a tirenin in Kawu ya juya baya. Na taɓa tarar Yaya a zaure na ce, "Yaya, abin nan ya yi yawa." Ya shaƙo wuyan rigata ya ce, "Ka kai ƙara mu gani. Mu da aka yi mana mutuwa muka yi?" Shi kuwa ɗan Garam da na ce mu je mu gaya wa Koci, sai ya ce, "Bar shi. In na yi magana za su ce ni mace ne. Zan jure, za su gaji."

Ba su gaji ba. Ana saura kaɗan mu je Minna wasan da zai hau da mu rukuni na gaba, suka zuba masa ƙarara a cikin gajeren wando da riga. Wanda bai san ƙarara ba, ba zai gane irin ƙaiƙayinta ba. Ya saka kayan, ya fara susa, ya tuɓe, ya faɗi yana birgima a ƙasa daga shi sai ɗan kamfai, yana kiran uwarsa da Gwaranci. Suka kewaye shi da waya suna ɗauka. Kafin magariba bidiyon ya bar guruf ɗinmu ya zaga gari, har 'yan ƙauyensu sun gani, har yarinyar da yake nema.

Washegari da hantsi ina gidan Kawu, sai ga sallama. Wata mata ce siririya, mahaifiyar ɗan Garam, ta sauke kwandon doya daga kafaɗa a ƙofar zaure. Ta zaro jesinmu mai lamba takwas daga cikin leda, an wanke ta tas an ninke. Ta durƙusa ta aje a gaban Kawu ta ce, "Malam Koci, ga rigarku. Mun gode. Yarona ba zai ƙara zuwa ba."

Kawu ya karkata kai ya ce, "Me ya faru, Mama? Ba shi da lafiya ne?"

Ta ce, "Lafiyarsa lau. Ba ya fita daga ɗaki, ba ya cin abinci. Ni ban san ƙwallo ba. Na dai ba ka yaro yana dariya." Ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Kawu ya juyo ya dube ni. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, bai ga komai ba. Na ciro tawa na kunna masa. Ya kara ta kusa da kunnen dama, ya kalla har ƙarshe, ya ce in sake. Ba hoton yake bi ba, dariyar mai riƙe da wayar yake saurare. Ya san muryar ɗansa. Ya ninke tabarmarsa ya ce, "Ɗauko min makullin babur. Hau baya."

A gona muka samu ɗan Garam, ubansa ya tilasta masa fitowa, suna tada kunyar doya. Da ya hango mu ya juya baya ya ci gaba da aikinsa. Kawu ya gaida uban, ya cire babbar riga ya rataye a bishiya, ya ɗauki garma ya shiga kusa da shi. Ya daɗe yana aikin, gumi na zuba. Uban ya yi ta cewa, "Malam, ka bari, ka girmi wannan." Can da Kawu ya gaji ya dogara da garmar, ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, a ƙarƙashina aka yi maka wannan, kuma jinina ne ya yi. Ban gani ba, alhali aikina ne in gani. Ka yafe min. Ban zo don in ce ka dawo ba. In ka dawo rigarka tana nan, in ba ka dawo ba, ba ka yi laifi ba."

Ɗan Garam ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da tafin hannu. Sai a lokacin ya yi kukan da yake ta riƙewa.

Da yamma Kawu ya zaunar da mu duka a tsakiyar fili. Mun saba da ihunsa, amma ranar a hankali ya yi magana, wanda ya fi ba mu tsoro. Ya ce Yaya ya miƙo ƙyallen kyaftin. Ya ce shi da abokansa uku da suka shirya abin ba za su je Minna ba, kuma ba za su ƙara taka filin ba sai sun je Garam da ƙafarsu sun ba da haƙuri. Ya ce daga yau kowa ya wanke rigarsa, kuma duk wanda ya ƙara kiran ɗan'uwansa jaki ya nemi wata ƙungiyar.

Yaya ya miƙe ya ce, "Baba, a kan wannan bagidajen za ka cire ni?"

Kawu ya ce, "Babanka yana gida. Fita."

Gari ya ɗauka. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai sayar da kayan gini wanda shi ke ɗaukar nauyin motarmu, ya zo gida da 'yan kwamiti washegari bayan la'asar. Ina zuba musu ruwa ina ji. Ya ce, "Haba Koci, wasan samari ne. Kowa da ka gani an yi masa. A bari a dawo daga Minna, sai ka hukunta su yadda ka so."

Kawu ya ɗora yatsa a kunnensa na hagu ya ce, "Alhaji, ka san abin da ya kashe kunnen nan? Ina saurayi aka kai mu sansanin horo. Na ƙi wanke wa wani babba safa, ya kwaɗa min mari. Aka ce wasa ne, a bari a gama gasa. Har yau ba a gama gasar ba. Ni ma an yi min, shi ya sa na san ba wasa ba ne."

Tun ina yaro nake ganinsa da karkataccen kai, ban taɓa jin dalili ba sai ranar. Ashe ko Inna cewa ya yi mata zazzaɓi ne.

Rigimar cikin gida ta fi ta waje zafi. Inna ta tsaya a tsakar gida da muciya a hannu ta ce, "Ka zaɓi ɗan wani ka wulakanta naka a gaban duniya!" Kawu ya ce, "Nawan nake so ya zama mutum." Ta daina yi masa magana. In ta gama tuwo sai ta ce da ni, "Kai wa kocinku." Shi kuma in ya cinye sai ya ce, "Gaya wa masu gidan nan miya ba laifi." Haka na yi ta safa da marwa tsakaninsu har mahaifiyata ta zo ta zaunar da su.

Abokan Yaya uku sun je Garam daga baya. Yaya bai je ba. Ya haɗa jakarsa ya tafi Kaduna, daga can Legas.

Ɗan Garam ya dawo ana gobe tafiya. Zan so in ce ya ci mana ƙwallo a Minna an ɗauke shi a kafaɗa, amma ba haka aka yi ba. Bai buga yadda ya saba ba. Ya samu dama shi da gola ya buga sama. Aka ci mu biyu da nema. Da muka shigo Suleja, magoya baya suna jiranmu a bakin hanya, suka riƙa jifan motar da ledar ruwa suna ihu, "Ba ma yi! Koci ya sayar da mu!" Ɗan Garam ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Kawu ya taso daga gaba ya zauna kusa da shi ta wajen taga, ya kare shi da jikinsa, ya ce, "Gobe da yamma akwai tirenin. Kada ka makara."

Ƙungiyarmu ba ta sake kai wa wannan matakin ba. Alhaji ya janye hannunsa, wasu magoya baya suka koma wata unguwar. Amma samari sun ci gaba da zuwa, musamman waɗanda aka kora da tsangwama daga wasu wuraren, kuma iyaye sun riƙa kawo 'ya'yansu da kansu. Na sha tambayarsa ko ya yi nadama. Sai ya ce, "Wasan na ji zafinsa, har yanzu ina mafarkinsa." Ba ya ƙara komai a kai.

Inda na ga rauninsa shi ne a kan Yaya. Shekaru suka wuce bai kira shi ba, shi ma bai kira ba, taurin kansu iri ɗaya. Sai dai in muna zaune ya karkato ya ce, "Wancan mutumin na Legas, ka ji ɗuriyarsa?" In na ce gwiwarsa ta samu matsala ya daina bugawa, sai ya ce, "Ka ce ya riƙa gasa ta da ruwan zafi. Kada ka ce ni na ce." Daga baya Yaya ya samu aikin tuƙi a Abuja, ya yi aure, ya fara leƙowa da Sallah. Su zauna gaban talabijin suna kallon ƙwallo, su yi ta zagin alƙalin wasa tare, amma maganar Garam ba wanda ya taɓa tada ta.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kawu. Bakinsa ya karkace, ƙafar dama ta daina ɗaukarsa. Likita ya ce sai an riƙa motsa shi ana koya masa tafiya. Ɗan Garam, wanda yanzu malamin motsa jiki ne a wata sakandare a wajen Gawu, da mata da 'ya'ya, shi ya ɗauki wannan aikin. Duk Asabar sai ya zo ya murza masa ƙafa da man zafi, ya ɗaga shi su yi taku daga ɗaki zuwa zaure. Inna da kanta take aje masa tuwo a kwanon baƙi, in ya makara ta fara leƙe.

Wata Asabar Yaya ya shigo ba zato. Ya tarar da mutumin da rabonsa da shi tun ranar bidiyo, yana durƙushe da ƙafar mahaifinsa a kan cinya. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai juya. Ni da Inna muka dubi juna.

Ɗan Garam ne ya fara magana. Ya ce, "Kyaftin, sannu da zuwa. Zo ka kama min ɗaya ɓarin, yau Baba ya yi nauyi."

Yaya ya aje makullin mota, ya shiga ƙarƙashin hammatar Kawu ta dama, ɗan Garam ta hagu, suka ɗaga shi. Suka fara takawa a hankali. A tsakiyar tsakar gida Yaya ya tsaya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Na cuce ka. Na daɗe ina so in zo, kunya ta hana ni. Don Allah ka yafe min."

Ɗan Garam ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Abin ya daɗe yana ci na, ba zan yi maka ƙarya ba. Har yanzu ba na son a nuna ni da waya. Amma na yafe. Riƙe shi da kyau, ɓarinka ne mara ƙarfin."

Kawu yana rataye a tsakaninsu, hawaye na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace. Ya yi ta ƙoƙarin haɗa magana, muka matso don mu ji. Da ƙyar ta fito: "Ku bar surutu. Ku daidaita ƙafa."

Suka daidaita. Ranar har bakin titi suka kai shi, ya zauna a kan benci yana kallon masu wucewa, su biyun suna gefensa.

Bai ga ƙarshen daminar bana ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin zuciyarsa, ya saka masa da alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Allah ya ba Inna haƙuri, ya sa mu iya tsayawa inda ya tsaya in tamu ranar ta zo.